Yashi a Cikin Rairayi

Da gari ya waye a Borisar, aka tarar da ƙofar ɗakin sola na asibitin jama'a a wangale, wayoyi suna reto kamar hanjin akuya. Batura huɗun da ke riƙe wutar ɗakin haihuwa da firjin allurai sun yi ƙafa. Kafin shayin safe ya huce rabin gari ya hallara a bakin katanga, kuma kowa ya riga ya san ɓarawon. Mutanen Borisar ba sa jiran hujja, hujja ce ke biyo su a baya tana haki.

Aka aika a kira Sumar mai bin sawu. Tsoho ne siriri, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin raƙuman Wadero Dost Ali da aka sata, kuma yabo yana shiga kansa kamar yadda ruwa ke shiga rairayi. Wadero, wato uban ƙasa, shi ke da gonakin yankin da rijiyoyinsa, shi ne kuma shugaban kwamitin amintattun asibitin. Kwamitin na mutum bakwai ne. Shida suna cin gero daga gonarsa, na bakwai ya rasu tuntuni, amma ba a daina ƙirga ƙuri'arsa ba.

"Ku ja baya!" in ji Sumar. "Ƙafafunku sun fi bakinku ɓarna, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce."

Ya sami sawun a ƙofar baya: silifas ne na mata, ya fita daga asibitin ya nufi yamma. Ya kife kwanduna a kan waɗanda suka fi fitowa, kamar yadda ya gada, sannan ya bi su da sauri, jama'a na binsa suna kirari. Sawun ya haura tudu ya gangara, ya mutu a bakin kwalta, daf da unguwar Kolhi, leburorin gona masu bautar gumaka waɗanda ko kofin shayi ba a haɗawa da su. A cikin shingen ƙayar gida na farko wani ya zaro koren silifas, an ɗaure hancin ɗaya da robar ƙarin ruwa.

"Na wane ne?" Niyaz ne ya tambaya, ma'ajin kwamiti, mijin 'yar Wadero. Shi da surukinsa Sayin ake ce musu, wato ranka ya daɗe.

"Na Kesri ne, ungozoma," Sumar ya ce, tun kafin tunaninsa ya iso bakinsa.

Dokar sawu tsohuwa ce: inda ya tsaya, masu wurin ke amsawa. Aka jawo Kesri daga bakin dutsen niƙa, aka kulle ta a ɗakin tsintsiya na asibiti. Wadero ya ce motar 'yan sanda za ta iso daga gunduma bayan la'asar. Kowa ya san macen Kolhi in ta shiga motar nan, ko ta dawo, ba dukanta ke dawowa ba.

*

Abin ya tsaya wa Sumar a rai. Ya sha shayin Wadero, bai ji ɗanɗanonsa ba. Da jama'a suka ragu, sai ya zagaya tagar ɗakin tsintsiya.

Kesri na zaune a kan bokiti, fararen awarwaronta sun rufe hannu har kafaɗa. Ta girme shi kaɗan, ta kuma fi shi baki.

"Ada Sumar," ta ce, da kiran da ake yi wa ɗan'uwa, "ka zo ganin raƙumar da ka kama?"

"Adi, 'yar'uwa, takalminki na ce. Ban ce ƙafarki ba."

"To je ka bayyana wa 'yan sanda bambancin. Takalmin za su daka?"

Ya matsa kusa da tagar. "Ina kika bar shi jiya?"

"Inda nake barinsa kullum, a ƙofar ɗakin haihuwa. Ba na kai jinin asibiti gidana. Ko jaririn da aka haifa jiya ya san haka, kai kaɗai ne baƙo."

"Wa ya gan ki a gida?"

"Unguwa duka. Haɗa shaidarsu ka auna, ka ga ko ta kai gashi ɗaya na gashin bakin Wadero."

"Kin taɓa wani ne a kwamiti?"

Ta gyara zama, awarwaron suka yi ƙara. "Watan jiya Hakiman matar maƙeri ta zubar da jini a hannuna har leɓenta ya yi fari. Mun yi mata allurar tsayar da jini, mun ƙara, mun sake ƙarawa. Kamar muna zuba mata ruwan rijiya. Ranar da kwamiti ya zauna na shiga ba a kira ni ba, na ce allurarsu ta mutu tun kafin matan su mutu. Sai Sayin Niyaz ya ce a fitar da ni, wai ina warin ɗakin haihuwa." Ta dube shi. "Daga ina yake tsammani ya fito, daga kantin turare?"

*

Jummo mai gadi yana kwance a inuwar motar asibiti, ya ɗaure kai da rawani. Ya rantse da kabarin waliyyai uku cewa bai runtsa ba.

"Na yarda ba ka runtsa ba," in ji Sumar. "An ce kai ka fi kowa rawa a bikin 'yar mai rini."

"Kaka, leƙawa kawai na yi."

"Shinkafar leƙe ce a gemunka?"

Jummo ya share gemu. Ya ce ba a fasa kwaɗon ɗakin sola ba, buɗe shi aka yi, kuma makulli uku ne: nasa, na Dakta Tasnim, da na ma'aji. Nasa yana ɗaure a mazagin wandonsa, kuma wandon ya je biki tare da shi. Sumar ya dubi ƙafar Jummo. Faffaɗa ce kamar ta raƙumi, faso ya tsattsaga ta kamar gulbi a rani. Ko babbar yatsarta ba za ta shiga silifas ɗin Kesri ba.

Direban motar, Gulsher, shi ne wanda gari zai zarga da ba a samu Kesri ba, saboda sabon babur ɗin da ya saya ba tare da ya gaji kowa ba. Ya fito daga ƙarƙashin mota yana dariya.

"Kaka, ni ɓarawon man mota ne, kowa ya sani. Injin rijiyar Wadero ma da man asibiti yake tashi. Amma batir? Ka taɓa ɗaga ɗaya?"

"Ni da raƙuma na saba."

"Shi ya sa. Ranar da Sayin Niyaz ya sayo su daga Haidarabad, ni da wannan malalacin muka sauke su, ɗaya bayan ɗaya, mu biyu a kan kowanne. Har yau bayana bai daina zagina ba. Tsohuwa ta ɗauki huɗu ta haura tudu? Sai dai in aljanu ta karɓa wa haihuwa suka biya ta da dako."

Sumar bai yi dariya ba. Da safe ya bi sawun yana sauraron kirari, bai tsaya ya tambayi nauyin abin da aka sata ba. Ko ɗan koyo ba zai bi sawun raƙumi bai tambaya ko da kaya a bayansa ba.

*

Dakta Tasnim tana wanke hannu lokacin da ya tsaya a ƙofarta. Ita kaɗai ce likita mace a faɗin yankin, 'yar birni ce da aka turo na shekara guda aka manta da ita.

"Allurar nan sanyi take so," ta ce. "In ta ji zafi ta zama ruwa. Da rana firji yana aiki, saboda wutar sola na shigarsa kai tsaye. Amma kullum da safe in na sa hannu, ɗumi nake ji. Na faɗa wa kwamiti baturan ba sa riƙe wuta. Suka ce laifin firji ne. Suka kafa ƙaramin kwamiti a kan firjin."

"Me ƙaramin kwamitin ya gano?"

"Bai zauna ba tukuna. Ana jiran kuɗin shayi."

Ta share hannu a mayafinta. Ta ce bayan mutuwar Hakiman ta buga waya zuwa hukumar lafiya ta lardi, kuma gobe jami'ai za su zo da injiniya ya gwada baturan.

"Wa ya san suna zuwa?"

"Kwamiti. Shekaranjiya na gaya musu." Ta lura da inda idonsa yake. "Ƙafata kake kallo, Kaka?"

"Sana'a ce, Dakta."

"Kalla da kyau. Ni ma ina da makulli." Muryarta ta yi ƙasa. "Kesri ta fi ni sanin cikin mace. In suka tafi da ita, a daren farko da haihuwa biyu suka zo tare, ɗaya za ta mutu. Ban san wacce ba, amma na san lissafin."

Ƙafarta ƙarama ce, za ta yi iyo a cikin silifas ɗin. Sumar ya yi sallama.

*

Rana tsaka ba ta karanta sawu, sai ta shafe inuwar da ke nuna zurfi. Dole ya jira ta karkata, kuma duk karkatar da ta yi tana matso da motar 'yan sanda. Ya zauna a gindin katanga, wani ɗawisu yana kuka a kan rufin asibiti kamar an yanka shi.

Da inuwa ta fara tsawo ya ɗaga kwandon farko, ya kwanta rub da ciki. Sawun bai nitse ba. Tafiyar mutum ce mai ɗauke da abin da bai fi kaza nauyi ba. Kuma tafiya ɗaya ce, ba huɗu ba. A bayan shatin silifas akwai wani ɗan baka, inda dunduniya ta zarce takalmin ta taɓa ƙasa. Da safe ya gan shi ya ɗauka lalacewar roba ce. Yanzu ya duba da kyau. Dunduniyar sumul take, ba faso ko ɗaya. A ƙasar da ake haifar jarirai da faso, wannan ƙafa ce da ba ta taɓa gaisawa da rairayi ba.

Amma ina nauyin ya tafi? Abin da ya karya bayan ƙarti biyu ba ya zama kaza a hannun mutum ɗaya.

Ya koma ɗakin sola. A kan siminti akwai ƙarce, an ja abu mai nauyi zuwa ƙofar baya, ba ɗagawa aka yi ba. Ƙarcen ya tsaya a bakin dokin ƙofa. Nan a gefe, a gindin bango, ƙasa ta ɗan tasa, an baza ta da ƙafa. Jama'a sun tattake wurin tun safe, shi ma ya taka. Ya durƙusa ya damƙo.

Rairayin Borisar ja ne, laushi gare shi kamar gari, yana zurarewa tsakanin yatsu. Wannan kuwa toka-toka ne, mai kaushi, yana ƙyalli. Ya murza shi, ya ji yana cizon fata.

Wannan ba rairayi ba ne. Yashi ne, na bakin kogi. Kogi mafi kusa kuwa shi ne wanda ya ratsa ta Haidarabad.

Ya daɗe a durƙushe. Bukkarsa a ƙasar Wadero take. Ruwan da yake sha daga rijiyar Wadero ne. Ya san sarai cewa mai bin sawu mai hankali yakan ɓatar da sawu in ya ga ya nufi babban gida, kuma ba a taɓa kiran hakan ƙarya ba, sai a ce iska ta tashi. Ya ɗaga kai. Ko ganye ba ya motsi.

Ya ƙulle yashin a bakin mayafinsa na ajarak, rinannen zanen yankin, ya miƙe.

*

An fito wa Wadero da gadon igiya a farfajiyar asibiti, 'yan kwamiti sun zauna a ƙasa bisa girman gonakinsu. Jama'a sun dawo, don ba wanda ke son a ba shi labarin tafiya da Kesri.

"Sayin," in ji Sumar, "sawu bai cika ba sai an gwada. A share fili, masu makulli su taka ba takalmi."

"Ba ka riga ka faɗa da safe ba?"

"Takalmi na faɗa. Yanzu ƙafa nake nema."

Wadero mutum ne mai son kallo. Ya ɗaga hannu, aka share fili aka yayyafa ruwa. Jummo ya taka yana salati. Dakta ta cire takalmi ta wuce ba ta dubi kowa ba.

"Har da ni?" in ji Niyaz, yana murmushi. "Abba, wannan wasan ƙauye ne. Ina da baƙi gobe."

"Cire mana," Wadero ya ce yana dariya. "Ƙafa ce, ba wando ba."

Niyaz ya zauna ya kwance igiyar takalmi. A cikin wannan zafin akwai safa a ƙafarsa. Ya tuɓe, ya taka filin a ɗosane, kamar mai tsallake garwashi. Wani daga baya ya ce, "Kai, ƙafar amarya!" Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu da kanta, don Sumar bai dubi ƙasa ba ma. Wajen gadon ya nufa. Ya kwance bakin mayafi, ya zuba abin da ke ciki a tafin hannun Wadero.

"Sayin ya fi kowa sanin ƙasarsa. Wannan nasa ne?"

Wadero ya murza. "Na kogi ne. Ina ka samo shi?"

"A bayan ɗakin sola, tuli guda. A cikin baturan ya zo. Kwanson batir aka sayo aka cika da yashi, aka ɗaura masa waya, ya zauna yana gadin allurar mata. Jiya wani ya ja su zuwa ƙofa, ya zazzage, ya ɗaure kwanson ya tafi da shi a hannu, don gobe injiniya zai zo. Ɓarawo ba ya zubar da cikin abin da ya sata, Sayin. Sai wanda ya san abin da ke cikin."

Maƙeri, mijin Hakiman, yana tsaye a bakin katanga. Mutanen da ke kusa da shi suka matsa.

"Tsohon nan ya ruɗe," in ji Niyaz. "Yashi! Kowa na iya zuba yashi. Ina da takardun..."

"Yi shiru," in ji Wadero, ba tare da ya juya ba. Idonsa na kan Sumar. "Ƙafar wa?"

Mai bin sawu ba ya kiran suna. Sumar ya taka zuwa filin. Ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Ya wuce sawun Jummo, ya wuce na Dakta, ya zagaye na uku da bakin sanda, ya koma gefe.

Daga nesa, can wajen kwalta, aka jiyo gurnanin mota.

Wadero ya tashi a hankali. Ya je ya tsaya a kan da'irar, ya daɗe yana kallon dunduniyar da ba ta da faso. Sannan ya ɗora takalminsa a kai, ya murza, ya sake murzawa.

"Idonka ya tsufa, Sumar."

"Ya tsufa, Sayin. Shi ya sa da safe na ga takalmi na ɗauka ƙafa ce."

Wadero ya dubi maƙeri, ya dubi jama'a, ya dubi ƙurar motar da ke matsowa. Mutum ne da ya san iyakar abin da gari zai haɗiye a rana ɗaya.

"Ɓarayi ne daga waje," ya ce da ƙarfi. "Sawu ya ɓace a kan kwalta. Haka za a gaya wa 'yan sanda, a ba su shayi su koma. A buɗe wa matar nan." Ya juyo ga Sumar, ya rage murya. "Raƙumana za su nemi wani idon. Kai ma ka nemi wata rijiyar."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai baki ɗaya. Dakta Tasnim kuwa ba ta tsaya ba. Ta zagaya bayan ɗakin sola da wata kwalba a hannu don ɗibar wa injiniya yashin, kuma duk wanda ya gan ta ya yi kamar bai gani ba.

Jummo ya buɗe ɗakin tsintsiya. Kesri ta fito tana dafa gwiwa, ta ƙyafta ido a hasken yamma. Sumar ya matsa kusa.

"Adi, ki yafe mini."

"Bakinka ya sa ni a ciki, bakinka ya fito da ni. Mun yi canjaras, kar ka nemi ƙari." Ta dubi filin da aka murje. "Wa ka zagaye?"

Ta bi idon jama'a har zuwa inda Niyaz ke zaune yana kokawa da safa, yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai.

"Wannan?" Ta yi wata gajeriyar dariya. "Da ƙafa ya zo duniya. Uwarsa ta suma, kakarsa ta fita tana ihu a haƙa kabari biyu. Ni na sa hannu na kamo wannan dunduniyar na jawo shi. Tun a lokacin laushi gare ta."

"Da kin san inda za ta je..." in ji Sumar.

Kesri ta dube shi kamar ya yi tambayar yara.

"Da jawo shi zan yi," ta ce. "Aikin ke nan. Matsa mini, akwai mai naƙuda tun azahar, ina jin ta ta bango."